Malam-buɗe-littafin Aro

A bayan gidanmu, can gindin Dala, akwai wani kududdufi da ya girme ni, ya girmi mahaifina, ina jin ma ya girmi rabin gidajen unguwar, tunda daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina su. Yau babu shi. In ka bi lungun da muke bi a da, za ka ɓulla ne gaban jerin shaguna, ga mai walda, ga mai cajin waya, ga wani bene da aka shafa wa fenti ruwan hoda wanda har gobe ban yafe wa mai shi ba. Ni ba na cikin tsofaffin nan masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Kududdufin nan wari yake yi da bazara, sauronsa ba ya jin hayaƙi, kuma kowace damina sai an tsorata mu da labarin wanda ya zame a ciki. Duk da haka, in a-daidaita-sahu ta bi da ni ta wajen, kau da kai nake yi, don akwai abin da na aikata da sunan kududdufin nan bayan an cike shi, kuma ba a kaina abin ya ƙare ba.

Lokacin da muke yara kunne ne agogonmu. Kwaɗi su yi shiru, ladani ya kira, guga ta fara karo da bakin rijiya, sannan turame su shiga amsa wa juna daga gida zuwa gida, har kana iya gane wace ce ke daka daga yadda take sakin taɓarya. Hantsi na ɗagawa sai bugu ya tashi daga rumfar da ake dukan rinannen yadi har ya yi sheƙi, kuma ba zai tsaya ba sai azahar. A bakin ruwa masu tubali na cuɗa ƙasa da ƙafa, jakuna na jiran a ɗora musu mangala, agwagin Inna na tafe a jere kamar an aike su. Aikina shi ne in kwashe tokar murhu in kai karofi, wajen ramukan rini inda yayana ke koyon sana'a, in dawo in ɗauki tukwane in je in goge musu baƙi da yashin bakin kududdufi. Ni kuwa da ƙiwa, tukunya ɗaya sai ta kai ni la'asar. Yanzu in na tashi da safe janareton maƙwabta nake fara ji, sai injin niƙa, sai wayoyin yara kowace da nata kukan. Ba na cewa haramun ne, amma ba za ka iya sanin lokaci da su ba.

Abin da ke riƙe ni a bakin ruwan nan ba tukunya ba ce, malam-buɗe-littafi ne. Idan damina ta ja baya, ruwa ya fara janyewa ya bar laka, sai su sauko su yi cincirindo a kanta, musamman inda jaki ya yi fitsari, abin da ke ba mu dariya ƙwarai, a ce halitta mai kyau haka amma ga inda ta zaɓa ta yi liyafa. Akwai farare, akwai masu ruwan ƙwai, akwai wani babba baƙi mai ɗigon rawaya da ke zuwa wajen lemun tsamin tsakar gidanmu, akwai kuma mai ruwan goro da ba ya rabuwa da tumfafiyar gindin ganuwa. Shi wannan na ƙarshen tafiyar ƙasaita yake yi, ba ya sauri ko kaɗan, kuma ban taɓa ganin tsuntsu ya kai masa cafka ba. Mukan lallaɓa mu kama su, su bar mana wani gari mai laushi a yatsu. In Inna ta gan mu sai ta ce, “Kun goge masa kwalliya, da wace fuska zai koma gida?” Wani lokacin kuma ta ce duk wanda ya murza ido da garin nan zai makance. Ban san ko ita kanta ta yarda da haka ba, ko kuwa so take mu bar bayin Allah su sha iska.

A wata shekara ƙyanda ta kama ni, ta yi mini mugun kamu. Aka kwantar da ni a ƙuryar ɗakin Inna, aka saki labule, kwantsa ta liƙe idanuna ruf har ban san dare da rana ba. Na tabbatar wa kaina garin fiffiken nan ne, kuma na makance ke nan, amma na kasa gaya wa kowa don tsoron faɗa. Ina cikin wannan hali sai na ji unguwa ta ɗauki hayaniya da hantsi, har bugu ya tsaya, abin da ba ya faruwa sai an yi mutuwa. Can sai ga Yaya ya shigo da gudu yana haki. An hana shi shiga inda nake, don haka ya zauna a bakin ƙofa ta bayan labule ya ce, “'Yar makauniya, kina jina? Na hau Dala yanzu. Malam-buɗe-littafi ne ke wucewa, farare, daga gabas suke fitowa, ba su da farko ba su da ƙarshe. Sun bi ta kan ganuwa, sun bi ta kan soraye, ba sa tsayawa sai a kududdufi, lakar nan ta zama fara sol kamar an shanya auduga.” Na fashe da kuka na ce ni ba zan ƙara ganin komai ba. Ya ce, “Ke dai yi shiru, ni zan riƙa gano miki.” Haka ya yi ta yi muddin suna wucewa, ya gudu daga karofi ya je ya duba ya dawo ya ba ni labari, har ubangidansa ya zane shi. Ranar da idona ya buɗe sun riga sun wuce, sai 'yan fukafukai a cikin kwata. Ban ga komai ba, amma ko yau na rufe ido ina ganin wucewar nan, kuma sunan 'yar makauniya ya bi ni har tsufa a bakinsa shi kaɗai.

Daga nan rayuwa ta yi da kowa yadda ta so. Na yi aure, na haifa, na aurar, maigidana ya rasu, na dawo gidanmu na gado. Yaya ya yi rini har sana'ar ta ja baya, ya koma sayar da yadi, daga baya babban ɗansa ya ɗauke shi zuwa kudu inda yake aiki, ya daɗe a can. A cikin wannan tsakanin ne aka cike kududdufin. Ba rana ɗaya aka yi ba. Shara aka fara zubawa, sai ɓaraguzan gini, sai motocin ƙasa, muna kallo muna cewa ai sauro zai ragu. Da ciwon suga ya cinye idanun Yaya, ya ce shi fa a mai da shi gida, ba zai mutu a inda ba ya jin gaisuwar mutane ba. Aka dawo da shi, aka gyara masa ɗakin kusa da zaure, iyakarsa masallacin ƙofar gida da dakalin da dattawa ke zama. Wata rana da la'asar, ƙarshen damina, na kai masa kunu sai ya ɗaga kai ya ce, “'Yar makauniya, ruwa ya fara janyewa ko? Sun sauko?” Na dube shi, ga mutum ya rasa ido, ya rasa mata, ya rasa sana'a, rabin abokansa suna ƙasa. Bakina ya riga hankalina, na ce, “Sun sauko, Yaya.” Fuskarsa ta washe ya ce, “To zauna ki gaya mini.”

Na zauna na gaya masa. Da farko abin bai yi mini wuya ba, na da nake ɗebowa in ba shi a matsayin na yau, farare da masu ruwan ƙwai da mai ruwan goro. Amma Yaya mutum ne mai bin diddigi, kullum sai ya ce, “Ba wani sabo?” Cikin ɗan lokaci rumbuna ya ƙare. 'Yata ta biyu malamar makarantar sakandare ce, kimiyyar halittu take koyarwa, takan biyo ta gidan in ta tashi daga aiki. Na tambaye ta ko ta san wani abu game da malam-buɗe-littafi, ashe na taɓo inda ke mata ƙaiƙayi. Ta ciro waya ta shiga nuna mini. A wajenta na fara jin cewa da ƙafa yake ɗanɗano, in ya sauka a kan ganye ya san ko mai daɗi ne kafin ya kai baki. Na ce Allah ya rufa mana asiri da bai yi mu haka ba, da ba mai shiga Kasuwar Kurmi da damina. Ta ce lakar da suke taruwa a kai gishiri suke tsotsa, shi ya sa fitsarin jaki ke jansu. Ta ce mai ruwan goron nan tun yana tsutsa yake cin ganyen tumfafiya, ɗacin ya zauna masa a jiki, tsuntsaye sun sani, shi ya sa yake tafiyarsa ba fargaba. Abin da na yi ta kallo ina yarinya ban gane ba, sai ga shi 'yar da na goya tana warware mini.

Sannan ta fita da ni duniya. Ta nuna mini wani a ƙasar Indiya wanda in ya rufe fukafukai ba ka bambanta shi da busasshen ganye, har da jijiyoyin ganyen da ɗan karan. Ta nuna mini wani a tsakiyar nahiyar Amurka mai fiffike garau kamar gilashi, kana hango furen da ya sauka a kai ta cikinsa. Akwai mai zanen idon mujiya a fiffike don ya tsorata masu son cinsa. Akwai wani a wani tsibiri can gabas mai nisa wanda faɗinsa ya fi tafin hannun babban mutum a buɗe. Ta nuna mini waɗanda ke tasowa daga ƙasashen sanyi na arewacin Amurka su yi ta tafiya har duwatsun Meziko, su lulluɓe itatuwa har rassa su sunkuya, kuma wai waɗanda suka zo bana ba su ne na bara ba, jikokin jikokinsu ne, ba wanda ya nuna musu hanya amma ba sa ɓata. Ta ce mu ma muna da namu baƙon, wani ɗan madaidaici mai ɗigo-ɗigo da ke tasowa daga Turai ya ƙetare teku da hamada ya iso ƙasarmu a ƙarshen damina. Ta ce in ban da ƙasar ƙanƙara ta can ƙarshen kudu, babu nahiyar da Allah bai ba nata ba. Ni kuwa ina saurare ina tarawa, ba don ilimi ba, don abin da zan kai wa Yaya da la'asar.

Haka na riƙa kwaso na Indiya da na Amurka ina saukewa a kududdufin da babu shi. Wanda ya fi tafiya da hankalinsa shi ne wani shuɗi na dazukan Birazil. Na ce masa na ga wani babba shuɗi yau a kan laka. Ya gyara zama ya ce, “Wane irin shuɗi? Na tsomi ɗaya, ko wanda ya sha ruwan baba a ramin rini ya ƙoshi?” Na ce ya fi wannan. Ya ce, “Kamar turkuɗi in ya fito daga bugu?” Na ce, “Har ya fi, Yaya, in ya motsa sai launin ya motsa.” Na ƙara masa da abin da 'yata ta ce, wai shuɗin ba rini ba ne ko kaɗan, yadda haske ke faɗa wa fiffiken ne kawai, in ka murje shi ba za ka sami shuɗi a yatsanka ba. Ya yi dariya har da tari ya ce, “Ikon Allah! Mu muna ta ɓata hannu a rami shekara da shekaru, wani ya samu ba ko tsomi.” Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun kafin rasuwar matarsa. 'Yata ta ji mu wata rana, ta ja ni gefe ta ce, “Umma, wannan fa ba daidai ba ne. Ki gaya wa Kawu na wasu ƙasashe ne, ai zai ji daɗinsu a haka ma.” Na ce ta rufe mini baki, ita me ta sani, lokacin da yake gano mini duniya ko uwarta ba ta yi wayo ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne dakali. Ashe duk abin da na ba Yaya da la'asar, da shi yake fita bayan magariba ya raba wa dattawa. Kuma namiji irin na da ba ya cewa ƙanwata ta ce a gaban maza, sai dai ya ce, “Bana kududdufin bayan gida ya yi baƙi, akwai wani shuɗi, akwai mai fiffiken gilashi.” Da a ce mutum ɗaya ya buɗe baki ya ce Malam ai an cike wajen nan, da magana ta ƙare a ranar. Amma mu mutanen cikin gari kara ta yi mana yawa. Wa zai ƙaryata dattijo makaho a bainar jama'a? Sai su ce, “Allah mai iko,” su dubi juna, in ya shiga gida su girgiza kai. A hankali magana ta zaga cewa Malam ya fara rikicewa. Mutumin da a da in an yi gardamar iyakar gida shi ake kira ya faɗi inda tsohuwar katanga ta tsaya, aka daina tambayarsa komai sai lafiyar jiki. Ni ina cikin gida ban sani ba, ko kuma in faɗi gaskiya, na ga alamu na ƙi dubawa.

Na sani ne da auren 'yar marigayi ƙaninmu ya taso. Yarinyar nan Yaya ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, kuma shi ne babba a dangi, shi ya kamata ya zama waliyyinta ya ba da aurenta. Tun da aka sa rana yake shiri. Ya sa aka ciro masa tsohuwar rigarsa ta turkuɗi daga adaka, ya aika da ita wajen ɗaya daga cikin 'yan bugun da suka rage, ya ce a gaya masa mai rigar ya san aiki, kada a yi masa algus. Ana cikin haka sai ɗan baffanmu, wani Alhaji mai shago a Kurmi wanda Yaya ya girma nesa ba kusa ba, ya shigo gaishe ni. Ya daɗe yana kewaye-kewaye sannan ya ce, “Hajiya, mun zauna da 'yan'uwa. Kin ga dangin angon nan baƙi ne, ba su san Malam a da ba. Muna tsoron a ba shi lasifika ya shiga zancen kududdufi da malam-buɗe-littafi mai gilashi. Mutuncinsa muke karewa. Ni zan karɓi waliccin, shi ya zauna a sahun gaba a yi masa uzuri da jiki.” Ga dama ta zo har ɗakina. Kalma kaɗan ce, in ce Alhaji hankalin Yaya garau yake, ni ce na gaya masa. Amma na tuna ni ce ake kira in raba gardamar mata a unguwar nan, ni ce ake cewa Hajiya ba ta ƙarya. Na sunkuyar da kai na ce, “Allah ya sa haka ne mafi alheri.”

Kunun la'asar na ranar nan da ƙyar na kai shi. Yaya ya karɓa ya ce, “Yau wa ya sauko?” Na ce, “Ba kowa, Yaya. Babu kududdufi. An cike shi tun kana kudu, shaguna ne a wajen.” Na gaya masa komai, da wayar 'yata, da Indiya da Birazil, da dakali, da zuwan Alhaji. Ina magana ina kuka, shi kuwa ya riƙe kofin bai sha ba bai ajiye ba. Sai na nemi mafaka na ce, “Kai ma ai ka yi mini lokacin ƙyanda. So na yi in rama maka.” Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake ya ce, “Abin da na gaya miki a lokacin nan, na gani. Ko ɗaya ban ƙara ba.” Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, “Da kin gaya mini ranar da na tambaya, da na yi baƙin cikinsa na gama. Ku kun yi naku tare, ni yanzu ni kaɗai zan yi.”

Na ce zan je in sami Alhaji, in ya kama in tsaya a zaure in gaya wa dattawa da bakina. Na miƙe har na ɗauki mayafi. Ya ce, “Zauna.” Na ce Yaya waliccin fa. Ya ce, “Na ce ki zauna. Tsoho in ya rikice ba abin kunya ba ne, kowa na jiran nasa. Amma a ce Hajiya ta shekara tana yi wa makaho ƙarya, wannan har jikokinki sai an gaya wa. Ni saura nawa ya rage mini? Ke ce za ki zauna da mutanen nan. Ban yafe ba in kika faɗa.” Na koma na zauna. Kuma abin da ya fi ci mini rai har yau ba ƙaryar ba ce, ba ma shirun da na yi wa Alhaji ba ne. Wani sanyi ne da na ji ya sauka a ƙirjina lokacin da ya hana ni. Daɗi na ji, Allah ya sani, daɗi na ji an rufa mini asiri da rigar wani.

Ranar ɗaurin aure ya sa rigar turkuɗin, tana ta sheƙi har tana bar masa shuni a wuya, aka riƙe hannunsa zuwa masallaci. Mu mata muna cikin gida, lasifika na kawo mana komai. Na ji wakilin ango ya nema, na ji muryar Alhaji ta ce ta bayar, na ji an shafa fatiha, gida ya ɗauki guɗa. Ni ina bakin murhu ina juya abin da ba ya bukatar juyi. Da aka watse aka dawo da shi ɗakinsa, na kai masa ruwa. Ya sha ya ce an yi taro lafiya, Alhaji ya yi ƙoƙari, sai dai ya ɗan yi sauri. Sannan ya ce, “'Yar makauniya, wannan mai ɗigo-ɗigon da kika ce yana ƙetaro hamada, shi ma aro ne?” Na ce a'a, shi namu ne, da gaske yana zuwa. Ya jinjina kai ya ce, “Allah sarki. Ya sha wannan tafiyar duka, shi kuma wa zai gaya masa an cike?”

Har yanzu ina kai masa kunu da la'asar, kuma wani lokacin yakan ce in ba shi labarinsu, amma yanzu sai ya tsayar da ni ya ce, “Na wace ƙasa?” in faɗa, sannan in ci gaba. A dakali ya daina zancen, sai dai abin da aka riga aka yanke a kansa ba ya gogewa, har yau da murya ƙasa-ƙasa ake yi masa magana kamar mai jinya, kuma an yi gardamar wata katanga kwanan baya ba a ko leƙo shi ba. Jiya matar liman ta shigo yi mini barka da arzikin bikin da muka yi. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta rage murya ta ce, “Ya jikin Malam? Kan nasa fa, yana dai dawowa?” Yaya na ɗakinsa, labule ne kawai tsakaninmu, na san yana ji. Na gyara mayafina na ce, “Da sauƙi.”